Zuwa Hayin Afram a Motar da Muka Ɗaga

Tashi daga Maamobi

Ladanin unguwarmu bai yi kiran assalatu ba tukuna muka tashi daga Maamobi, wata ranar Litinin cikin daminar ƙarshen shekara. Mu biyu ne, ni da ƙanena Isaka, shi ke tuƙi. A bayan mota mun ɗaure katifa da tampol, da jarkar mai da ta ruwa, sai kwanon abinci a ƙafafuna.

Sunana Adiza. Wace nake sayarwa a bakin titi, wato shinkafa da wake irin namu na Gana. Da ribar wacen da kuɗin adashi na sayi wata tsohuwar pikop ƙirar Japan, irin wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura. Aikinta ɗauko mini shinkafa da wake da itace, in ta gama Isaka ya yi dako da ita a cikin Accra. Ba ta taɓa sauka daga kwalta ba sai a lungunanmu.

Ranar Juma'ar da ta gabata wani direban motar gawayi ya zo rumfata da saƙo. Gwaggo Azumi ta zame a bakin rafi, ta karye a cinya, mai ɗori ya gwada har sau biyu abin bai kama ba. Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce, ita ta riƙe mu bayan rasuwar uwarmu. Da muka girma ta auri Malam Bawa, wani mahauci da ya ajiye wuƙa ya koma noma a hayin kogin Afram, a wani ɗan ƙauye mai suna Zangon Bawa, don shi ya fara kafa bukka a wurin.

Na ce wa Isaka mu tashi washegari. Ya girgiza kai.

"Yaya, motar nan a yadda take ba za ta shiga hayin Afram da damina ba. Cikinta a ƙasa yake. Ki ba ni kwana biyu."

"Kwana biyun nan Gwaggo tana kwance fa."

"In muka maƙale a daji, kwana nawa za ta yi a kwancen?"

Sai na yarda. Asabar da Lahadi motar ta yini a garejin makaniki. Aka ƙara mata falle biyu-biyu a sifirin na baya, aka ɗaga gabanta, aka sa mata manyan tayoyi masu haƙora da aka ciro daga wata motar masu yankan katako, aka yanke bakin madigadi don tayoyin su sami wuri. A gaba kuma aka like mata ƙaton ƙarfe mai ƙugiya. Da Isaka ya shigo da ita lungu, sai da na taka kujera 'yar tsuguno kafin na iya hawa. Maƙwabciyata ta leƙo ta tambaye ni ko raƙumi na saya.

Na san tun ba yau ba Isaka ke sha'awar irin waɗannan dogayen motoci, in ɗaya ta wuce sai ya bi ta da ido har ta sha kwana. Saboda haka na tashi daga gida da tambaya a raina: gyaran nan dole ne, ko kuwa ƙanena ya sami hanyar biyan buƙatarsa ne da ciwon Gwaggo? Na ƙudura duk wanda na gamu da shi a hanya ya san mota, sai na tambaye shi.

Nsawam zuwa Nkawkaw

Mun yi sallar asuba a Pokuase, gari na wayewa muna Nsawam, inda mata masu burodi suka yanyame mu. Ɗayarsu sai da ta yi ɗage kafin ta miƙo mini burodin ta taga. Na sayi manya uku, biyu na Gwaggo.

Abu na farko da na lura da shi a kan kwalta shi ne ƙara. Tayoyin nan suna gurnani kamar injin niƙa, in za mu yi magana sai mun ɗaga murya. Na biyu kuwa tsalle. Da yake bayan babu kaya, duk ramin da muka faɗa sai motar ta yi harbi irin na jaki, in ji haƙorana sun haɗu. Na waiga na ga katifa tana rawa a cikin igiyarta.

"Haka za mu tafi?"

"Sabon gyara ne, Yaya, zai kwanta."

Bayan Suhum muka iske shingen 'yan sanda. Wani kofur mai furfura ya duba takardu, sannan ya zagaya motar yana taɓa tayoyin da sandarsa. Ya tambaye mu da Tonanci, harshen mutanen yankin, ko yaƙi za mu. Na ce masa hayin Afram za mu, kuma tunda ya taɓa, ya gaya mini gaskiya, sai da irin wannan shiri ake zuwa? Ya ce ya taɓa aiki a can, da damina tarakta kaɗai ke da ta cewa a hanyar, mu ma mu yi addu'a. Isaka ya daɗe yana murmushi.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Nkawkaw, wajen mil ɗari daga Accra. Muka sha koko da ƙosai a tasha, muka ƙara mai, sannan muka fuskanci dutsen Kwahu. Wanda bai taɓa hawansa ba, hanya ce da ke naɗe jikin dutse kamar rawani, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kuma in ka leƙa sai ka hango rufin gidajen Nkawkaw kamar akwatunan ashana. Nan motarmu ta fara nishi. Isaka ya dawo giya ta biyu, ya dawo ta ɗaya, allurar zafi tana ta hawa. Kafin mu kai Atibie tururi ya taso daga lagireto, dole muka raɓe muka sa dutse a bayan taya.

"Da ba ta yin haka," na ce.

"Da ba ta taɓa hawan dutse ba." Ya fifita injin da kwali, sannan ya ƙara da cewa, "Tayoyin ma sun yi mata nauyi. Ƙaramin inji ne."

Muna tsaye wata tsohuwar pikop ƙirar Faransa ta zo ta wuce mu, cikinta kusan yana sharar ƙasa, bayanta cike da mata 'yan kasuwa da kwanduna. Direban ya danna mana oda, matan suka ɗaga mana hannu.

Adawso, bakin ruwa

Muka bi ta Mpraeso da Kwahu Tafo muka gangara, bayan azahar muka isa Adawso, inda kwalta da ƙasar ma suka ƙare. Daga nan sai jirgin fito, wanda ake kira pantun, mai ɗaukar motoci ya tsallakar da su zuwa Ekye. Layin manyan motocin doya ya yi tsawo, sahun ƙarshe na ranar ya cika kafin a zo kanmu. Aka ce sai gobe. Wannan ya ƙona mini rai, don da ba mu ɓata lokaci a kan dutse ba da mun samu.

Wanda ke gabanmu a layi, shi ma bai samu ba, shi ne mai tsohuwar pikop ɗin nan. Dattijo ne siriri, mutumin Kwahu, kowa Wofa Yaw yake ce masa, wato Kawu Yaw. Duk mako yana kai mata kasuwar doya a hayi ya dawo da su. Na ɗebo masa wace a murfin kwano, ya ci ya yaba, sannan na yi masa tambayata.

Ya tashi ya zagaya motarmu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya danna bayanta da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba.

"Maame, motarki ta yi kyau. Me za ku ɗauko, siminti?"

"Mara lafiya."

Ya ce "Hmm." Na ce to shi me ya yi wa tasa? Ya ja ni ya nuna mini abin da ke bayan kujerarsa: adda, shebur, igiya, famfon taya, sai katako biyu dogaye ɗaure a gefen mota.

"Ga nawa gyaran. Sauran kuma ga su can," ya nuna matan da ke shimfiɗa zannuwa a ƙarƙashin wata bishiya. "In ta tsaya su sauka su tura."

"Ba ka taɓa maƙalewa ba ke nan?"

Ya yi dariya har da tari. "Duk mako. Bara na kwana uku a wuri ɗaya. Da ina da kuɗi da na ɗaga ta, amma in na ɗaga ta tsofaffin nan ba za su iya hawa ba, su koma motar wani."

Ya juya ga Isaka ya tambaye shi ina safaya. Isaka ya nuna masa. Ashe manyan tayoyin huɗu kawai aka samu, safayar tsohuwar ƙarama ce. Wofa Yaw ya ce ya lallaɓa su, don a hayi babu mai facin da ke da tub irin nasu. Ni ban san da wannan ba sai lokacin. Na dubi Isaka, ya dubi ruwa.

Na kwana a zangon garin, a gidan wata Bahaushiya mai bandar kifi, Isaka ya kwana a mota don kada a tsallake mu a layi. Matar ta ba ni banku, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi da barkono, ta ƙi karɓar ko sisi da ta ji abin da ke tafe da mu.

Ekye da hanyar laka

Da safe jirgin ya matso. Matakalar hawansa a tsaye take, ga santsi. Wofa Yaw sai da ya sauke matan da ya ɗauko ya shimfiɗa katakansa, duk da haka salansarsa ta karci ƙarfe. Tamu kuwa ta haye kamar akuya ta ga tudu. Ma'aikatan jirgin suka tafa wa Isaka.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗin wannan ba in ba teku ba. Abin da ya fi ba ni mamaki busassun itatuwa ne tsaye a tsakiyarsa, baƙaƙe, babu ganye. Wata daga cikin matan ta ce mini daji ne da gonaki a da, kafin a tare kogi ruwa ya cinye su, ƙauyen kakarta ma yana ƙarƙashin inda muke wucewa.

Daga Ekye hanyar jar ƙasa ce, muka shirya da Wofa Yaw mu tafi tare, shi a gaba. Mil na farko lafiya. Daga nan muka fara tarar da inda taraktoci suka haƙa ramuka biyu dogaye da tayoyinsu, suka bar tudu a tsakiya kamar kunyar doya. Na zuba ido in ga yadda kowannensu zai yi. Wofa Yaw in ya zo irin wurin sai ya tsaya, ya naɗe wando, ya shiga da sanda yana auna zurfi, ya dawo ya ɗora taya ɗaya a kan tudun ɗaya a gefe, ya wuce a karkace kamar kaguwa. Isaka kuwa sai ya bi ramukan kai tsaye, tudun ya wuce ta ƙarƙashinmu bai taɓa mu ba.

A wuri na huɗu ko na biyar dabarar dattijon ta ƙi. Gefen ya zabtare, motarsa ta zame cikin ramukan, cikinta ya zauna daram a kan tudu, tayoyin baya suna juyawa a banza. Mata suka sauka suka tura har suka gaji. Isaka ya ratsa ta cikin ciyawa ya sha gabansa ya juyo, aka ɗaura igiya a ƙugiyarmu, ya ja da baya-baya, sai ga ta ta fito. Wofa Yaw ya zo ya dafa ƙarfen gabanmu ya ce, "Wannan kam ya ci kuɗinsa." Na ce a raina, to, ashe yaron nan ya san abin da yake yi.

Ba mu yi nisa ba muka zo wani kwari mai baƙar laka, shimfiɗe kamar an dama kunu. Yanzu mu ne a gaba. Na ce wa Isaka ko zai sauka ya auna. Ya ce ba zurfi. Gaskiyarsa, ba zurfi, santsi ne. Muna kaiwa tsakiya bayan motar ya fara wutsil-wutsil, ya taka mai, haƙoran tayoyin suka shiga haƙa, kafin ya ɗaga ƙafa sun tona wa kansu rami har rabi.

Wofa Yaw ya iso da ƙafa yana riƙe da takalmansa. Ya ce bayanmu ba nauyi, taya ba ta da abin da zai danna ta ta kama ƙasa. Aka rage iska, aka haƙa gaban tayoyin aka cusa katako da rassa, sannan ya sa shida daga cikin matan motarsa, waɗanda suka fi jiki, suka hau baya suka zauna daidai kan tayoyin. Ni ma na hau. Sauran suka tura, muka fito da laka har gira.

Da yake mun riga mun zauna, sai muka ci gaba a haka har mararrabar da za mu rabu. A nan na lura da wani abu. Motar da ta yini tana harbi jiya, yanzu da mutum bakwai a bayanta ta yi laushi, tana lilo kamar kwalekwale. Na tambayi ta kusa da ni ko ita ma ta ji. Ta ce ita dai tsayin ne ke sa ta jiri.

A mararraba muka yi sallama. Wofa Yaw ya ce sai Asabar zai juyo, ya ba mu aron katako ɗaya, ya ce mu bar masa wurin mai sayar da tikitin jirgi.

Zangon Bawa

Daga mararraba hanyar ƙafa ce da tarakta ta faɗaɗa, ciyawa ta fi motar tsayi, ga kututture a ɓoye. Isaka ya tafi a hankali saboda tayoyinsa. Muka tsallake rafi ɗaya da ruwansa ya kai gwiwa, muka shiga ƙauyen da la'asar.

Bukkoki ne da ba su fi goma sha biyu ba. Malam Bawa ya tarye mu, ya tsufa ƙwarai, ya riƙe hannun Isaka gam. Gwaggo tana kwance a tabarma, an ɗaure cinyar da karare da tsumma. Ƙafar ta kumbura, ta juya waje, ta kuma fi 'yar'uwarta gajarta. Matar da na sani mai jiki ta koma kamar yarinya. Amma bakin yana nan.

"Adiza, wa kika bar wa rumfa?"

"Na rufe, Gwaggo."

"Kin rufe. Masu cin wacenki su ci me?" Ta juya ido. "Isaka, kai ne ka zo da abin nan mai gurnani? Na ɗauka soja ne."

Na jiƙa mata burodi a shayi ta ci kaɗan. Ta ce ita da an bar ta, Ankara ta yi nisa, haka tsofaffinmu ke kiran Accra. Malam Bawa ya ce, "Azumi, ki bi yaran nan. Ni na kasa."

Washegari, Laraba, maza huɗu suka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa suka shimfiɗe ta a katifa. Muka kafa tampol, na zauna kusa da kanta. Isaka ya ja a hankali iyakar iyawarsa. Ba mu wuce gonar ƙarshe ba tayar baya ta hau wata saiwa ta sauka. Gwaggo ba ta yi ƙara ba. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije, idonta ya juye, gumi ya karyo mata. Tun ina yarinya ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Na buga rufin mota, Isaka ya tsaya ya zagayo, ya gan ta, ya koma gefe ya tsuguna.

Nan muka yi shawara, ni da shi da Malam Bawa da ya biyo mu da ƙafa. Gabanmu akwai yini guda na irin wannan hanya. Na faɗi abin da na gani jiya, cewa nauyi yana sa motar laushi. Isaka ya ce haka ne, amma sifirin ɗin ya yi tauri da yawa, nauyin da zai lanƙwasa shi injin ba zai ja shi a laka ba.

"Sai dai a cire fallayen da aka ƙara," ya ce, yana kallon ƙasa.

"In an cire ta koma ƙasa. Ramukan tarakta fa?"

"Tayoyin za su ɗan riƙe ta. Sauran mu yi yadda dattijon nan ke yi."

"Yini nawa?"

"Yau dai ta tafi."

Malam Bawa ya dube ni, na dubi Gwaggo. Ƙarin kwana ɗaya da ciwo a tabarma, ko yini ɗaya na abin da na gani yanzu. Na ce a cire.

Aka mayar da ita ɗaka a kan ƙyauren. Isaka ya ɗaga motar da jak, aka tokare ta da gumagumai, maƙerin ƙauyen ya kawo guduma. Tun hantsi yana kwance a ƙarƙashinta har rana ta yi ja, ya fasa yatsa biyu. Na kai masa ruwa na ce sannu. Ya ce, "Da na tambayi kaina wa zan ɗauko, ba ina za ni kawai ba." Na ce masa ba don ƙugiyarsa da tsayinsa ba, da wataƙila har yanzu muna hanya. Gaskiyata na faɗa, ba lallashi ba.

Malam Bawa ya ba da buhun masara biyar. Muka jera su a kwance, muka ɗora katifa, muka tokare ƙafar da buhunan gawayi marasa cika hagu da dama.

Komowa

Alhamis da sassafe muka sake gwadawa. Saiwar jiya muka fara takawa. Motar ta hau ta sauka kamar mai rusunawa, Gwaggo ta runtse ido ta buɗe, ta ce, "Wannan da dama." Malam Bawa ya raka mu har rafi, ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga hannu har ciyawa ta rufe shi. Samari uku na ƙauyen suka biyo mu har Ekye, da addunansu.

Baƙar lakar da ta riƙe mu shekaranjiya, yau da nauyi a kan haƙoran tayoyin muka ratsa ta ba tsayawa. Ramukan tarakta su suka ba mu wuya. Kowanne sai Isaka ya sauka ya auna da sanda, a sare tudu da shebur, a sa katako. A inda Wofa Yaw ya zauna mu ma muka zauna, kuma babu mai jan mu. Sai muka sauke Gwaggo da katifarta, mu huɗu muka tsallakar da ita da hannu muka ajiye a inuwa, aka sauke buhuna, aka ɗaga motar da jak aka cika ƙarƙashin taya da rassa, ta fito, aka mayar da komai. Ina zaune ina kore mata ƙuda ta ce mini rabonta da ta kwanta ta kalli sama haka tun tana budurwa, ashe gajimare ma tafiya yake yi ba ya hutawa.

Mun sami sahun yamma na jirgi. Da ma'aikatan suka ga mara lafiya suka sa mu gaba, suka kuma shimfiɗa mana katako a matakala, don yanzu mu ma sai da shi. Muka bar na Wofa Yaw inda ya ce. Muka sake kwana a gidan mai bandar kifi, ita da kanta ta gasa wa Gwaggo jiki da ruwan ɗumi.

Juma'a muka gangara dutsen Kwahu da giya ta ɗaya, ina riƙe da kafaɗun Gwaggo don kada ta zame gaba. Allah ya rufa asiri, ko faci ba mu yi ba. Daga Nkawkaw kwalta ce, ta yi barci har Nsawam. Ana kiran la'asar muka shiga asibiti a Accra.

Gida

Likita ya ce ƙashin zai haɗu amma ƙafar ba za ta koma tsayinta ba. Aka rataya mata nauyi a ƙafa, ta yi wata biyu da wani abu a gado.

Masu tambayata ko sai an ɗaga mota kafin a shiga daji, abin da na gani ke nan. Tsayi ya fisshe mu a wani wuri, tauri ya kusa kashe mana tsohuwa a wani. Ƙugiya ta yi rana, manyan tayoyi sun yi rana a laka sun ci amanarmu a kan dutse. Wanda bai yi gyaran komai ba shi ma yana zuwa duk mako, yana kuma kwana a hanya. Har yau ni da Isaka in zancen ya taso ba mu gama shi, sai dai yanzu kowa yana faɗin inda ɗan'uwansa ya yi daidai.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Wofa Yaw da matan motarsa, da mai bandar kifi ta Adawso, da maƙerin Zangon Bawa da samarin nan uku da suka koma gida da ƙafa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Gwaggo ta dawo gidana a Maamobi da sanda. Sati na farko daga gado sai bakin ƙofa. Wata safiya ina tsaye kan tukunya na ji ƙwas, ƙwas a bayana, na juya na gan ta ta ratso tsakar gida ita kaɗai, tana ɗingishi, gumi a goshinta. Na yi wuf zan riƙe ta, ta ture hannuna. Ta karɓi ludayi ta ɗebi wace ta ɗanɗana, ta daɗe tana taunawa.

"Waken bai nuna ba," ta ce. "Jawo mini kujera."